Sapporo: Birnin da ake buɗe wa hanya kowane dare

Kafin wannan tafiya, iyakar abin da na sani game da sanyi shi ne ɗarin Zariya a tsakiyar Janairu, lokacin da leɓe kan tsage, ruwan randa ya gagari alwala, ɗalibai su shigo laccar ƙarfe takwas kowa ya duƙunƙune kamar masu zaman makoki. Na taɓa kwana a Jos cikin hunturu, na dawo ina ba da labari kamar wanda ya je yaƙi. Saboda haka da takardar gayyata ta zo mini daga wata jami'a a arewacin Japan, aka ce taron bita ne na mako biyu kuma a watan Janairu za a yi shi, sai na shiga kasuwar 'yan gwanjo na zaɓi rigar sanyi mafi kauri da na gani, na ce shi ke nan, an gama shiri. Wani abokin aikina da ya yi karatu a Rasha ya ɗaga rigar ya jujjuya ta, ya miƙo mini, ya ce, "Malam, wannan ai ta zaman ɗaki ce."

Tokiyo ta so ta yaudare ni. Da muka sauka rana na haskawa, sama garau, sanyin kuwa busasshe irin wanda na saba da shi, sai dai ya fi namu cizo. Na fara raya wa a zuciyata cewa abokin nawa ya cika zuzutawa. Daga nan muka hau wani jirgin zuwa tsibirin Hokkaido, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi. Da jirgin ya fara sauka na leƙa ta taga, na nemi ƙasa na rasa. Gonaki da rufin gidaje da gefen tituna duk sun zama fari fat, baƙin abu kawai da ido ke gani shi ne itatuwan da suka kaɗe ganye da layin kwalta. Daga filin jirgin New Chitose jirgin ƙasa ya kwashe mu zuwa tsakiyar Sapporo cikin kamar minti 40. Da na fito daga tashar na ja numfashin farko, sai na ji gashin hancina ya sandare.

Wanda ya fara raɗa wa wannan abu suna "dusar ƙanƙara" a Hausa ya cancanci yabo, ko da bai taɓa taka Sapporo ba. Ƙanƙarar da muka sani ita ce wadda kan faɗo da ruwan farkon damina ta farfasa ganyen shuka, sai kuma ta firji. Wannan kuwa dusa ce sak. Idan ta sauka a hannun riga sai a hure ta ta tashi, ba ta jiƙa tufa nan take, kuma idan aka damƙe ta a tafin hannu da ƙyar take curuwa saboda bushewa. A ƙarƙashin takalmi tana ƙara ƙiƙi-ƙiƙi kamar ana taka garin sitaci. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shirunta. Ruwan sama yakan yi sallama da iska da cida da ƙarar kwano. Ita kuwa sai mutum ya kwanta ya tashi ya tarar ta binne mota, ko motsinta bai ji ba.

Mutanen Sapporo sun kusa miliyan biyu, kuma dusar da ke sauka musu a shekara, idan aka tara ta gaba ɗaya, takan kai kusan mita biyar. Akwai garuruwan da suka fi ta samun dusa a Japan ɗin kanta, amma samun birni mai wannan yawan jama'a da ke ɗaukar wannan nauyi duk shekara abu ne mai wuya a duniya. A watan Janairu matsakaicin ma'aunin zafi yana wajen digiri uku ƙasa da sifili, wato ko da tsakar rana sau da yawa abin da ya daskare ba ya narkewa. Dusar takan kwanta a ƙasa tun daga Disamba, ba ta ɗagawa sai ƙarshen Maris ko farkon Afrilu.

Dalilin hakan ya ba ni sha'awa, domin ɗan'uwan hunturunmu ne ta wajen asali. A watannin sanyi iska mai nauyi kan taru a kan Saiberiya, busasshiya, mai tsananin sanyi, sannan ta kwararo ta nufi teku. Tamu iskar ma daga tsakiyar nahiya take tasowa, sai dai ita Sahara take ketowa, don haka abin da take kawo mana ƙura ce, wadda kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tashi. Tasu kuwa Tekun Japan take ketawa, inda wani ruwa mai ɗumi ke gangarowa daga kudu. Iskar sai ta sha tururin ruwan ta ƙoshi, ta zama gajimare jere-jere, da ta ci karo da ƙasa da duwatsu sai ta juye kayanta. Kafin ta tsallake duwatsun tsakiyar ƙasar ta isa ɓangaren Tokiyo ta riga ta bushe. Wannan ne ya sa na baro rana a can na tarar da duhun gajimare a nan, duk a yini ɗaya. Idan hazo ya hana jirgi sauka a Kano, dusa kuma ta hana wani sauka a Hokkaido, kusan aikin iska iri ɗaya ne a wata ɗaya.

Darena na farko barci ya ƙi zuwa, saboda agogonsu yana gaban namu da awa takwas. Wajen ƙarfe biyu na ji wani gurnani daga titi, da ƙarar ƙarfe yana kankarar kwalta. Na ɗaga labule. Gireda ce a gaba tana ture dusar gefe, fitilarta mai ruwan ɗorawa tana juyawa, bayanta wata katafila mai babban cokali tana gyara mararraba, sai wani ƙaramin inji da ke bin hanyar masu tafiya a ƙasa yana haɗiye dusar yana feso ta gefe. Wani mutum sanye da riga mai ƙyalli yana tsaye da jar sanda mai haske yana duba ko akwai mai wucewa, alhali babu kowa a titin sai shi. Na ja kujera na zauna ina kallo har suka sha kwana. Da gari ya waye, yaran firamare suka wuce ta ƙarƙashin tagata da jakunkunansu a baya, tsakanin bangaye biyu na dusa da suka fi su tsawo, ba wanda ya makara.

Daga baya na nemi bayanin abin da na gani. Ƙa'idar hukumar birnin ita ce idan dusa ta sauka kamar santimita 10, ma'aikata za su fita da tsakar dare su gama kafin mutane su fito aiki da safe. A daren da aka fita ko'ina, injuna kusan 1,000 da mutane kusan 3,000 ne ke aikin, kuma tsawon titunan da suke sharewa ya haura kilomita 5,000. Mai karatu ya ƙiyasta tafiya daga Kano zuwa Legas sau biyar, a dare ɗaya, cikin awa shida. Kuɗin da birnin ke warewa domin wannan aiki ya wuce yen biliyan 20 a shekara, kuma duk abin da aka kashe kuɗin a kansa narkewa yake yi ya bi ruwa idan bazara ta zo. Baɗi a sake sabon lale.

Turewa gefe ma rabin aikin ne. Kowace fita tana ƙara wa tarin gefen titi tsawo da faɗi, har titi mai layi biyu ya koma layi ɗaya, direba ya kasa hango abin da ke fitowa daga lungu. Idan abin ya kai haka sai a zo da inji mai fesawa da jerin gwanon tifofi, a loda a kai wuraren jibgewa a bayan gari da gaɓar kogin Toyohira, inda dusar kan taru ta zama duwatsu, wasu ba sa gama narkewa sai an shiga tsakiyar shekara. Wata kuma a zuba ta cikin manyan tankuna a narkar da ita da ɗumin ruwan kwata da aka riga aka tace. Lokacin da na je, a ƙananan layukan unguwa akwai tsarin da ƙungiyar mazauna unguwa da hukumar birni kan raba kuɗin kwashewar a tsakaninsu. Ita kuwa kunyar dusar da gireda kan bari a bakin ƙofar gida, wannan ta mai gida ce. Shi zai fito da shebur da asuba ya buɗe wa kansa hanya, kuma na ji ana cewa babu abin da ke jawo wa hukuma ƙorafi kamar wannan kunya, domin ta fi sabuwar dusa tauri da nauyi.

A masaukin da aka ba ni, wani dattijo ne mai kula da gidan yake wannan aiki. Ya haura saba'in. Kullum kafin in idar da sallar asuba ina jin ƙarar wani faffaɗan abin tura dusa mai kama da baro marar taya, yana kai wa yana komowa. Ba ya jin Turanci, ni kuma Japanancina bai wuce gaisuwa da godiya ba. Idan na fito sai ya tsaya ya rusuna ya ce mini "sensei", wato malam, sannan ya nuna takalmina ya girgiza kai.

Ban gane abin da yake nufi ba sai a rana ta uku. Ina tsallaka wata mararraba kusa da tashar jirgin ƙasa, fitila ta ba masu ƙafa hannu, na ɗaga ƙafa da irin takun da nake ratsa harabar jami'armu, sai kawai na ga sama. Jakata ta yi gabas, hulata ta yi yamma, ƙuguna ya daki ƙasa. Ciwon bai kai kunyar ba: ga ni da furfura a gemu da digirin digirgir, kwance a tsakiyar titi kamar an yar da buhu. Ba wanda ya yi dariya. Wata tsohuwa ta tsinto mini hular, ta jira na miƙe, sannan ta yi gaba kaɗan tana waiwayena tana nuna mini yadda ake tafiyar: gajeren taku, tafin ƙafa gaba ɗaya a ƙasa, jiki ya ɗan karkata gaba, hannuwa a waje ba cikin aljihu ba. Da muka haye, ta buɗe wani akwati da ke gindin fitilar, ta ɗauko 'yar leda cike da tsakuwa, ta yage bakinta, ta koma ta barbaɗa a daidai inda na faɗi, ta mayar da ledar cikin akwatin ta yi tafiyarta.

Irin waɗannan akwatuna suna nan birjik a mararrabu da gangare. Hukuma ce ke cika su, wasu kuma kamfanoni ke ɗaukar nauyinsu, amma barbaɗawar ta duk wanda ya ga santsi ce. Ba a kulle su, ba mai gadi, ban kuma ga wanda ya kwashi ledojin ya kai gida ba. Duk da haka, a kowane hunturu motar asibiti kan ɗauki ɗaruruwan mutane, wani lokaci fiye da dubu, a birnin saboda faɗuwa a kan ƙanƙara, kuma tsofaffi ne suka fi jin jiki, domin karayar ƙugu a wannan shekaru ba wasa ba ce. Ni dai na tsira da tsamin jiki. A ranar na shiga wani ƙaramin kanti na sayi wata roba mai 'yan ƙusoshi da ake ɗaura wa a ƙasan takalmi. Da dattijon masaukina ya gan ta washegari, sai ya gyaɗa kai sau biyu.

Shi wannan santsi yana da tarihi, kuma tarihin ya nuna yadda maganin wata cuta kan haifi wata. A da motocin Hokkaido tayoyi masu ƙusa suke sawa a hunturu. Ƙusoshin suna riƙe ƙanƙara da kyau, amma da zarar kwalta ta bayyana sai su riƙa kankare ta, har ya zamana a ƙarshen hunturu ƙurar kwalta kan turnuƙe Sapporo, mutane na shaƙa. Likitoci da lauyoyi da mazauna gari suka tashi tsaye, aka yi ta fafutuka har gwamnatin ƙasar ta kafa doka a 1990 da ta taƙaita amfani da irin waɗannan tayoyi. Iska ta gyaru. Sai dai tayoyin roba zalla da suka maye gurbinsu, a duk inda mota ta taka burki ko ta tashi, gogar dusar suke yi har ta zama kamar madubi, kuma ba inda mota ke yawan tsayawa da tashi kamar bakin mararraba, daidai inda mai ƙafa ke tsallakawa. An sayi lafiyar huhu da kuɗin ƙugu. Ban ji wanda ke son a koma gidan jiya ba, amma akwatin tsakuwar nan ɗan wannan ciniki ne.

Da mutum ya buɗe ido sai ya ga dusa ta sa hannu a fasalin komai. Fitilun kan hanya a tsaye suke, ja a sama kore a ƙasa, maimakon a kwance kamar na Tokiyo, don kada dusa ta samu wurin zama ta rufe su. A wasu gangare an shimfiɗa wayoyin lantarki ko bututun ruwan zafi a ƙarƙashin kwalta, sai ka ga baƙin titi yana tururi a tsakiyar fari. A bayan gari akwai kibiyoyi masu ja da fari rataye a saman dogayen sanduna suna nuna ƙasa, su ne ke gaya wa direba inda gefen titi yake idan komai ya shafe. Wanda ya fi burge ni shi ne taragon shara na jirgin cikin gari mai bin tsakiyar titi. A gabansa an ɗaura wani gangariyar buroshi da aka yi da tsagaggen gora, yana juyawa yana watsar da dusa daga kan dogo tun kafin jirgin farko ya fito. Kusan shekara ɗari ke nan ana amfani da wannan dabara, a ƙasar da ta ƙera jirgin ƙasa mai gudun walƙiya, domin gora tana da taurin da zai share dusa da laushin da ba zai ɓata dogo ba. Tsintsiya ce dai, aka sa mata inji.

Babbar dabarar birnin kuwa ita ce guje wa sama baki ɗaya. An buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa na Sapporo a Disambar 1971, 'yan makonni kafin gasar Olamfik ta hunturu ta 1972, wadda ita ce irinta ta farko a nahiyar Asiya. Jiragen a kan tayoyin roba suke tafiya, kuma ɗan yankin layin da ya fito sarari a kudancin gari an lulluɓe shi da rumfar ƙarfe tun daga farko har ƙarshe, don haka dusa ba ta da ta cewa a kansa. A shekarar 1971 ɗin aka buɗe kasuwannin ƙarƙashin ƙasa a tsakiyar gari, sannan a 2011 aka ƙara wata faffaɗar hanyar ƙafa mai tsawon kamar mita 520 da ta haɗa babbar tashar jirgin ƙasa da unguwar Odori. Yanzu mutum na iya sauka daga jirgi, ya je banki, ya ci abinci, ya sayi littafi, ya shiga ofis, bai taka dusa ba.

Na yi amfani da wannan hanya kullum, amma ban ƙaunace ta ba. A ciki akwai ɗumi har mutum ya yi gumi cikin rigar da ta hana shi mutuwa a waje, sai a yi ta cirewa ana mayarwa. Ba rana ba dare, fitila ɗaya ce daga safe har yamma, ga dubban mutane na tafiya da sauri ba mai magana. Bayan kwana biyu sai na riƙa fitowa da gangan in bi ta sama, in sha sanyin, don dai in san inda rana take. Dama ranar ba ta daɗewa. Azahar kan yi kafin sha biyu, la'asar jim kaɗan bayan ƙarfe biyu, kafin huɗu da rabi an yi magariba. Mai salla sai ya yi da gaske, in ba haka ba zama ɗaya na taro zai cinye masa salloli biyu. Akwai masallaci ba nisa da Jami'ar Hokkaido, a can na yi Juma'a tare da ɗalibai daga Indonesiya da Bangaladash da Masar da wasu ƙasashen Afirka, takalman dusa jere a bakin ƙofa suna ɗiga. A nan na ga amfanin babin shafa a kan huffi da muka karanta muna yara muna ganin kamar ba da mu ake ba.

A masallacin na haɗu da wani ɗalibi ɗan ƙasarmu da ke karatun digiri na uku, hunturunsa na huɗu ke nan a garin. Ya kai ni ɗakinsa shan shayi. Ƙofa biyu ake wucewa kafin a shiga, taga ma gilashi biyu ne, a kusurwa kuma na'urar ɗumama ɗaki ce mai aiki da kananzir. Yawancin gidajen unguwar suna da tankin kananzir a waje, mota na zagayawa tana cika musu. Ya nuna mini wani famfo da ake murɗawa a zubar da duk ruwan da ke cikin bututun gida kafin a yi tafiya ko a daren da sanyi ya tsananta. "Malam," in ji shi, "shekarata ta farko na manta, na je Tokiyo kwana uku. Na dawo na tarar bututu ya fashe, ruwa ya sauka ɗakin na ƙasa. Kuɗin gyaran sai da ya cinye mini alawus na wata." Ya kuma tuna mini cewa a Satumbar 2018 girgizar ƙasa ta ɗauke wutar lantarkin tsibirin Hokkaido baki ɗaya. Yawancin na'urorin kananzir ɗin nan sai da lantarki suke tashi. Ya ce har yau idan zancen ya taso, abin da mutanen garin ke faɗa shi ne an yi sa'a ba a Janairu abin ya faru ba.

Kada mai karatu ya ɗauka tsarin ba ya karyewa. A farkon Fabrairun 2022 dusa ta sauka santimita 60 cikin awa 24. Jiragen ƙasa da dama suka maƙale a tashoshi, suka tare wa injunan share dogo hanya, sai da aka koma haƙa da shebur. Zirga-zirgar jiragen da ke shiga da fita Sapporo ta tsaya cik, har da layin filin jirgin sama, kuma an ɗauki kusan mako guda kafin komai ya daidaita. Motocin bas sun kasa bin layukan da suka tsuke, kwasar shara ta yi jinkiri. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ne kawai bai ko girgiza ba. Kafin nan, a Disambar 2016, dubban matafiya sun kwana a daɓen filin jirgin New Chitose saboda an soke tashin jirage. Tokiyo kuwa, da yake ba ta saba ba, abin da Sapporo za ta share kafin asuba ya isa ya durƙusar da ita: santimita 27 da suka sauka a Fabrairun 2014 sun hargitsa jiragen sama da na ƙasa da manyan hanyoyi. Duk wanda zai je wannan yanki a hunturu, ya bar tazarar kwana guda tsakanin jirginsa na Hokkaido da wanda zai fitar da shi daga Japan, kada kuma ya yi gangancin hayar mota idan bai taɓa tuƙi a kan ƙanƙara ba.

Amma abin da ya fi damun waɗanda na zanta da su ya wuce guguwar shekara ɗaya. Hannuwan da ke wannan aiki tsufa suke yi. Kusan kashi 29 cikin 100 na mutanen Japan sun kai shekara 65 ko sun wuce. Masu tuƙa giredar nan ma'aikatan kamfanonin gine-gine ne, da rani su yi titi, da hunturu su share shi, kuma samari ba sa rububin aikin da za a tashe ka da tsakar dare ba tare da sanarwa ba, wata huɗu a jere. Aikin kuma ba a koyonsa a wata guda, domin direba sai ya haddace inda kowane murfin kwata da bakin dakali yake a ƙarƙashin farin da ya shafe komai. Daga Afrilun 2024 doka ta ƙayyade yawan awannin da direbobi da ma'aikatan gine-gine za su ƙara a kan lokacin aiki, abin da yake adalci ne gare su, amma ya ƙara fito da ƙarancin hannun fili. Ana ta gwada injunan da mutum ɗaya zai tuƙa da taimakon kyamara maimakon biyu. A unguwanni kuma akwai shirin da maƙwabta ke karɓar ɗan abin hasafi su buɗe wa tsofaffi da naƙasassu hanya daga ƙofa zuwa titi, sai dai da yawa daga masu taimakon su ma tsofaffin ne. Kowace shekara a yankunan dusa na Japan ana rasa rayuka wajen sauke dusa daga rufin gida, kuma akasarin mamatan dattawa ne da ba su da wanda zai hau musu.

Wani farfesa da muka yi taron tare ya ce mini baƙi kan zo su yaba wa injuna, alhali injin sayensa ake yi. Ban ba shi amsa ba, domin ina cikin baƙin da yake nufi.

Bikin dusa na Sapporo, wanda ya sa duniya ta san garin, ban gan shi ba, don a farkon Fabrairu ake yi. Ya faro ne a 1950 da gumaka shida da 'yan makaranta suka gina a dandalin Odori, yanzu kuwa mutane wajen miliyan biyu ke zuwa kallo. Abin da na tarar shi ne shirinsa: motocin soja na sauke dusa mai tsabta da aka ɗebo daga wajen gari, an kafa katakai da ƙarafa kamar ana ginin bene. Na tsaya kaɗan, yatsuna suka fara mutuwa, na gangara ƙasa.

Daren da zan tafi dusa ta kwana tana sauka. Da asuba ban ji ƙarar abin turawar nan ba. Na leƙa, sai na ga dattijon tsaye a bakin ƙofa ya dafe ƙugu da hannu ɗaya, kunyar da gireda ta bari ta kai masa gwiwa. Na sa takalmi na fita na karɓi shebur. Na cika shi tim na ɗaga da ƙarfin baya, dattijon ya yi wata ƙara ya riƙe mini hannu. Ya nuna mini a yanka dusar gunduwa-gunduwa kamar tubali, a durƙusa da gwiwa, a ɗauki kaɗan. Kafin mu buɗe hanyar da mutum ɗaya zai wuce na jiƙe sharkaf da gumi a cikin rigar gwanjona, wadda na ɗora wa wasu biyu a ciki. Ya rusuna, na rusuna, ya sake rusunawa.

Na shiga na ɗauko akwatina. Tayoyinsa suka nutse a taku na farko, na ja ya ƙi, na tura ya ƙi. Tasha kuma da ɗan nisa, jirgin filin jirgi ba ya jiran kowa. Sai na naɗe mayafin wuyana na yi gammo, na ɗora akwatin a ka, na kama hanya da gajeren taku, tafin ƙafa gaba ɗaya a ƙasa, yaran makaranta na wuce ni suna waiwaye.